Rigar zuwa biki a Jidda: ina ake samun mai kyau da riyal 350?

Maman_Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema. Wata bakwai ke nan da na biyo maigida daga Zariya zuwa Jidda, ban taɓa zuwa bikin ƙasar nan ba. Maƙwabciyata da muke hawa ɗaya, baiwar Allah da ta riƙe ni kamar 'yar cikinta tun ranar da na sauka, za ta aurar da autarta farkon watan Oktoba. Hausawa ne amma haifaffun Makka, kakansu ne ya zo aikin hajji a ƙasa ya zauna. Shekaranjiya ta kawo mini kati da hannunta, ta ce in ban zo ba ba za ta ji daɗi ba.

Jiya da dare muka leƙa wani babban mol. Rigar farko da na ɗaga takardar farashinta riyal 950, ta biyu 1,400. Na mayar da ita inda take muka fito. Abin da na ware riyal 350 ne, in da hali har da takalmi a ciki. Ina da leshi biyu na lefena da ban ɗinka ba. A ina ake samun doguwar riga mai kyau, mai rufe jiki, wadda zan shiga cikin mutane da ita hankalina kwance? Ko in ɗinka leshin kawai? Saura sati uku.

Hajiya_Ta_Mansur:
Wa alaikumus salam 'yata, sannu da baƙunta. Kafin a kai ga maganar kasuwa, ɗauko katin ki duba: ƙa'a aka rubuta, wato babban zauren biki, ko istiraha, wato gidan shaƙatawa da ake haya? Kuma daren biki kaɗai aka gayyace ki ko har da gumra? Kayan kowanne daban ne.

Maman_Ilham:
Hajiya ƙa'a ce, daren Juma'a. Gumra kuma ta ce a gida za a yi kwana biyu kafin nan, lallai in zo. Ban ma san mece ce ba, kunya ta hana ni tambaya.

Hajiya_Ta_Mansur:
Gumra daren lalle ne na mutanen Hijaz, kamar yadda muke kamu da sa lalle a gida. Wannan ba ta da wahala, leshinki ya isa har ya yi yawa.

Ƙa'a ce mai buƙatar shiri. Shekarata 34 a Makka, bari in faɗa miki yadda take. Ɓangaren mata daban, na maza daban, ko ƙofa ba ɗaya ba. Da abaya za ki je, a bakin ƙofa akwai mata masu karɓa su ba ki lamba, sai ki shiga da kwalliyarki. Ba namiji ko ɗaya a ciki sai lokacin da za a shigo da ango, shi ma sai an yi sanarwa kowa ta rufa. Rigunan nan marasa hannu da kika gani a mol, don wannan ɗakin aka yi su. Amma ba wanda ya wajabta miki su, mata da yawa da dogon hannu suke shiga kuma su fi kowa kyau. Ki saka ɗan mayafi mara nauyi a jaka, don lokacin shigowar ango ba za ki samu damar komawa ƙofa neman abayarki ba.

Ummu_Affan:
Maman Ilham, da mol kika fara, shi ya sa gabanki ya faɗi. Je ki kasuwar Bawadi. Shagunan rigunan biki ne jere, yawanci kayan Turkiyya da na China, kuma ana ciniki. Bayan ƙaramar salla na sayi wata ruwan zuma, krep mai nauyi, dogon hannu, da 'yan duwatsu a wuya da bakin hannu. Mai jiran shagon ta ce 320, na taya 220, muka rabu a 250. Sau uku na sa ta, har yau kamar sabuwa. Suƙ Shaɗi da ke arewacin gari ta fi kaya masu aji, amma da 350 sai kin yi yawo sosai. Titin Makarona ma akwai shagunan fustan, wato doguwar rigar biki, sai dai na amare da ƙannen amarya sun fi yawa, kuɗinsu ya wuce abin da kika ware.

Kada ki je daren Alhamis ko Juma'a, cunkoso ba zai bar ki ki duba kaya ba, kuma ba sa ragi in shago ya cika. Lahadi ko Litinin bayan la'asar ya fi. In kin ga wadda ta yi miki, juya cikinta waje ki duba ɗinkin hammata da na ƙugu. Ja zik ɗin sama da ƙasa sau uku. Duwatsun kuma ki leƙa bayansu: in kin ga zare, ɗinke su aka yi, za su daɗe, in ba zare, da gam aka manna, wanki ɗaya za su fara zuba.

Bint_Hausawi:
Ahlan Anti. Ni a Makka aka haife ni, bikin irin wannan gidan shi ne bikin gidanmu. Wallahi ki ɗinka leshinki. A bukukuwanmu za ki ga 'yan mata da fustan, amma iyaye da gwaggonni da yawa leshi da shadda suke sawa, wasu tobi, wato laffaya. Kuma mu da aka haifa a nan muna son mu ga wadda ta zo daga gida da ɗaurin nan na asali, mu ba mu iya ba. A bikin yayata wata baƙuwa daga Katsina ta zo da leshi kore, har kakarmu ta sa aka kira ta ta zaunar da ita kusa da ita, suka kwana hirar Katsina.

A gumra za ki ga amarya da ƙawayenta da kayan Hijaz, zabun da mihrama da mudawwara a ka. Ke baƙuwa ba a jiran ki sa su.

Abu biyu: kada ki sa fari, na amarya ne, kuma kada rigar ta yi jela mai ja a ƙasa. Baƙi ba laifi, a nan ana sa shi a biki sosai.

Zee_Madina:
Ni dai ban goyi bayan leshi a ƙa'a ba, kuma da dalilina. Shekarata ta farko a Madina aka gayyace ni bikin ƙanwar wata abokiyar karatuna. Na ɗauko atamfata Super Holland, riga da siket, na kafa ɗauri babba irin na Kano. Da na shiga, ɗaki cike da mata, ni kaɗai ce da irin wannan shiga. Ba wadda ta yi mini wulaƙanci, wasu ma sun taɓa atamfar suna masha Allah, amma duk inda na juya ido ne a kaina. Lokacin zaffa, ana shigo da amarya, wata tsohuwa da ke bayana ta dafa kafaɗata a hankali ta nuna mini ɗaurina, wai ya tare mata gani. Na sunkuyar da kai har aka gama. Na so tafiya gida, ga shi sai ƙarfe 2 za a zo ɗaukata. Hausawa sun ce in ka je gari ka ga kowa da jela, kai ma nemi ka ɗaura. Maman Ilham baƙuwa ce, bikinta na farko ne, a bar ta ta saje da mutane.

Bint_Hausawi:
Anti Zee na fahimce ki, amma naki bikin Larabawan Madina ne. Wannan gidan Hausawa ne, ba za ta zama ita kaɗai ba.

Zee_Madina:
Dangin angon fa? Mun san su waye? Ai rabin ɗakin nasu ne.

Maman_Ilham:
Angon ba Bahaushe ba ne, ta ce mutanen Jidda ne, abokin aikin yayan amarya. To kun ga inda na rikice.

Anti_Mai_Ɗinki:
Ku tsaya, ai ba sai an zaɓi ɗaya an bar ɗaya ba. Shekara 19 ina kan keke, 8 daga ciki a Jidda. Leshi yadi ne kawai, yankan da aka yi masa shi ke mayar da shi na Zariya ko na nan. Ki ɗauki ɗaya daga cikin biyun a yi miki doguwar riga yankan fustan: ta kama daga kafaɗa zuwa ƙugu, ta buɗe a hankali zuwa ƙasa, hannu dogo ba shafi don zanen leshin ya fito. Kai kuma ba ɗauri babba, ki gyara gashi ko ki yi ƙaramin naɗi da yadi mai laushi. Larabawa za su ga fustan, Hausawa za su ga leshi.

Lissafin kuma ga shi. A nan da mita ake sayar da yadi. Leshinmu yadi 5 ne, wajen mita 4 da rabi ke nan, ya ishi doguwar riga har a samu ragowa. Abin da za ki saya shafi ne kawai, Larabawa na ce masa biɗana, satin mita 3 zuwa 3 da rabi mai kalar leshin, a Balad, tsohon garin Jidda, wajen kasuwar Suƙ Badu za ki samu da sauƙi. Ki yanki ɗan ƙyalle daga bakin leshin ki tafi da shi, kada ki dogara da hoton waya, kala takan yaudari ido a ƙarƙashin fitilar shago.

Teloli maza na nan, 'yan Pakistan da Indiya da Bangladesh, ba sa auna mace. Rigarki da ta fi zama a jikinki za ki kai musu su kwaikwaya. Mashgal, wato shagunan ɗinki na mata, su suna aunawa, amma sun fi tsada. Duk wanda kika kai wa, ki ba shi ranar karɓa da ta riga biki da sati guda, don a samu lokacin gyara. Kuma ki fara sayen takalmi kafin a yanke tsawo. Rigunan da na ga sun lalace a hannun mutane, yawanci a tsawo ne: an auna mace ba takalmi, ranar biki ta hau mai tsini, riga ta ɗage ta bar idon sawu a waje.

Gwaggo_Sabil:
Allah Ya yi miki albarka mai ɗinki. Kin tuna mini zamanin da. Kafin rusau, wa zai yi wannan tambayar a Jidda? Ka shiga Karantina ko Sabil, telolinmu na nan a lungu-lungu, mata masu kawo atamfa da leshi daga Kantin Kwari suna bi gida-gida da ƙullinsu, ki ɗauka ki biya kaɗan-kaɗan. Akwai wani tsoho mutumin Damagaram da ya ɗinka mini kayan bikin 'ya'yana uku, bai taɓa rubuta awona a takarda ba, kallo ɗaya yake wa tsohuwar rigata. Daga ƙarshen 2021 zuwa 2022 aka rushe Gulail, Petromin, Karantina, Sabil, Kandara da sauransu, kowa ya kama gabansa. Wasu sun koma Makka, wasu sun tafi gida gaba ɗaya. Tsohon nan har yau ban san inda ya faɗa ba. Yanzu sai an yi cigiya a waya kafin a samu mai ɗinkin da ya san hannun leshi.

Hajiya_Ta_Mansur:
Haka ne Gwaggo, Allah Ya sada mu da alherinsa. A Makka har yanzu wajenmu ana samun masu ɗinkin gida. Kuma 'yata, in za ku zo umara cikin satin nan, ki biya kasuwar Utaibiyya, tafiyar awa ɗaya ce daga Jidda a mota. Kayan mata da takalma da jakunkuna sun fi sauƙi a can.

Nana_Riyad:
Ni fa na daina yawon kasuwa, a waya nake saye. Shein, Namshi, Trendyol, duk suna da rigunan biki masu dogon hannu ƙasa da riyal 250. Kuma kin taki sa'a, 23 ga Satumba ranar ƙasa ce, shaguna na intanet da na mol duk suna rangwame a satin. Rigar 950 ɗin nan ma ki koma ki duba ta, ba mamaki ta sauko. Sharaɗi dai kada ki bi harafin girma, ki ɗauki tef ki auna ƙirji da ƙugu da tsawo da santimita ki gwada da jadawalinsu, sannan ki duba hotunan da masu saye suka ɗora da kansu.

Fa'iza_Safa:
Nana ki bar ni da sayen waya. Bara na ga wata riga ruwan goro a wani shagon intanet da ba zan kama suna ba, a hoto kamar ka sace. Na tura riyal 280. Saura kwana huɗu biki ta iso, na buɗe leda na ga ja ce jawur, yadin shara-shara har ana ganin tafin hannuna ta ciki, hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Na yi magana aka ce ba a mayarwa, na sake magana aka toshe ni. Daren nan kuka na yi, don kuɗin na tara su ne daga cefane. Saura sati uku ba lokacin gwaji ba ne.

Ummu_Sumayya:
Fa'iza Allah Ya mayar miki da alheri, amma kina da haƙƙi ba ki nema ba. Dokar cinikin intanet ta Saudiyya da aka fitar a 2019 ta ba mai saye kwana 7 daga ranar da ya karɓi kaya ya mayar, matuƙar bai yi amfani da su ba. In mai shago ya ƙi, ana kiran Ma'aikatar Kasuwanci a 1900 a kai ƙara. A ajiye rasit da hoton tallar.

Nana_Riyad:
Gaskiya ne, sai dai kwana 7 ɗin bai shafi abin da aka ɗinka miki a kan awonki ba, sai in da aibi ya zo. Kuma mai sayarwar da ba ta da rajista, in ta toshe ki ina za ki gan ta? Shi ya sa nake tsayawa a manyan shaguna.

Ummu_Affan:
Tunda an zo maganar haƙƙi, ko a kasuwa ki tambayi sharaɗin mayarwa kafin ki biya, don shaguna da yawa suna ware rigunan biki, suna tsoron a sa dare ɗaya a dawo musu da ita. Ba kowane shago ke da ɗakin gwaji ba, in babu ki sa a rubuta miki a rasit cewa za ki iya canjawa gobe. Sannan kuɗin da ke jikin takarda ya haɗa da haraji. Kashi 15 ne tun Yulin 2020, da can kashi 5 ne. Kada wani ya ce zai ƙara miki shi a wajen biya.

Ladi_Kudu:
Ni talaka ce, abinci nake dafawa ina sayarwa, bari in faɗi tawa ko da za a yi dariya. Haraj Sawarik, kasuwar gwanjo a kudancin Jidda. Matan masu kuɗi sau ɗaya suke sa rigar biki su fitar, ƙarshenta can take zuwa. Na tsinci wata shuɗiya mai duhu, aikin zare tun daga wuya har ƙasa, irin wadda ake rataye wa a gilashi, riyal 60. Maɓalli ɗaya ne ya fita a baya. Na kai wajen wankin tururi na biya 25, na ɗinke maɓallin da hannuna. A bikin mata biyu suka tambaye ni shagon da na saya. Sai dai wajen yana son haƙuri da ƙafa, za ki ɗaga riga hamsin kafin ki ga ɗaya. Ki duba hammata da bakin ƙasa, nan tabo yake ɓuya.

Hajjo_Rawda:
Haba Ladi, gwanjo zuwa ƙa'a? Araha ba ta ado. In mai rigar tana wajen fa ta gane kayanta? Ni a ganina mace ta daure ta sayi abu mai kyau sau ɗaya. Yanzu ga Tabby ga Tamara, manhajojin saye a biya daga baya, a raba miki kuɗin gida huɗu, ki ɗauki ta 950 ɗin ki biya a hankali. Mutuncin mutum a idon maƙwabta ya fi 'yan riyal.

Ladi_Kudu:
Hajjo mutuncina bai ragu ba ranar, kuma na kwana ba bashin kowa a kaina.

Hajiya_Ta_Mansur:
Hajjo, yarinyar nan ta ce 350 ta ware, ita ta san abin da ke gidanta. Raba kuɗi gida huɗu bai rage ko riyal ɗaya ba, 950 tana nan 950. Biki dare ɗaya ne, biya kuma ya bi ta har wata uku, ga haya ga kuɗin iƙama, wato takardar izinin zama. Daidai ruwa daidai tsaki.

Rukayya_Azizia:
Akwai haya ma. Mata da yawa a Jidda da Makka suna ba da hayar fustan daga gidajensu, ki biya kuɗin dare ɗaya da na ajiya, in kin dawo da ita lafiya a mayar miki da na ajiyar. Ni na taɓa yi. Damuwar kawai duk daren hankalina na kan kada shayi ko gahawa ya zuba mini. Ga mai zuwa biki sau ɗaya a shekara ya yi, amma kuɗin hayar sau biyu ya sayi irin ta Ummu Affan.

Hajjo_Rawda:
Haya, aro, duk ɗaya. Zanen aro ba ya rufe katara.

Malama_Ummu_Hani:
'Yar uwa Hajjo, a yi hattara da wannan karin maganar a nan. A cikin Sahihul Bukhari, a littafin kyauta, akwai babi guda a kan aron kaya ga amarya. Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta ce tana da wata riga a zamanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wadda ba macen da za a yi wa kwalliya a Madina face ta aiko a ara mata ita. Amare ke nan, ba ma 'yan rakiya ba. Haka a hadisin Ummu Aɗiyya kan fita idi, da aka ce wata ba ta da mayafi, sai ya ce 'yar uwarta ta ba ta nata ta sa. Ban ce sayen mai tsada haramun ne ga mai hali ba, Allah Yana son ya ga alamar ni'imarsa a kan bawansa. Amma aro tsakanin mata ba abin kunya ba ne, a garin da muke zaune kusa da shi aka yi shi tun farko.

Hajjo_Rawda:
Na karɓi gyara Malama, ban san wannan ba. Ladi ki yi haƙuri in maganata ta yi zafi. Amma ni dai har yanzu na fi son abin da yake nawa.

Ikhlas_Maiwurno:
Salam 'yan uwa. Ni Bahaushiyar Sudan ce, daga Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, jihar Sinnar. Bayan yaƙin da ya tashi a Afrilun 2023 muka zo Jidda wajen yayana. Da akwati ɗaya na fito, kayan bikina duk suna can. Abin da ya rufa mini asiri tobi ne, wanda mutanen Barno ke ce wa laffaya. Mita 4 da rabi ne, ba ya son tela, ba ruwansa da kin yi ƙiba ko kin rame. Ki sa doguwar riga mara ado a ciki mai kalarsa, ki naɗa, shi ke nan. Mutanen Jidda sun saba ganinsa, ba mai kallonki kallon baƙuwa. In an ce ango zai shigo, ki ja gefensa ki rufe kai, kin huta da neman mayafi. Ina da guda uku yanzu, ɗaya ruwan hoda da aikin zare na azurfa a baki. Maman Ilham in kina so na ara miki, in zo har gida in koya miki naɗin, minti goma ne.

Gwaggo_Sabil:
Allah Ya kawo zaman lafiya ƙasarku 'yata, Ya mayar da ku gida cikin aminci.

Zee_Madina:
Amin. Tobi kam na yarda da shi, amma wadda ba ta saba ba yakan zame mata in ta tashi tafiya. A sa fil a kafaɗa.

Nana_Riyad:
Ni abin da ya burge ni da bikin nan ƙasar, ba anko. A gida kafin ki je biki ɗaya an fitar da na kamu, na dina, na walima, ga ashoke ga kuɗin ɗinki, in ba ki yi ba a ce ba ki da kara. Nan kowa ta sa abin da take da shi.

Bint_Hausawi:
Muna da ɗan kama da shi, ƙannen amarya sukan haɗa baki a kan kala ɗaya. Anti ki tambayi maman amarya wace kala suka zaɓa don ki kauce mata. Kuma ki sake duba ƙasan katin, in an rubuta "jannatul aɗfal manaziluhum", ma'ana aljannar yara gidajensu, to ba a zuwa da yara, ki nemi mai riƙe miki Ilham. Wasu ƙa'o'in suna karɓar waya a ƙofa ko su rufe kyamarar, ki yi magana da mai ɗaukarki tun kafin ki shiga. Ki ci abinci a gida, mutane sai wajen 10 suke taruwa, zaffa takan kai tsakar dare ko ta wuce, abinci sai bayanta.

Maman_Ilham:
Na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. Na duba katin, an rubuta maganar yaran, da ban sani ba da na tafi da ita. Yau bayan la'asar maigida ya kai ni Bawadi. Na ga wata kore mai duhu, dogon hannu, na juya cikinta kamar yadda Ummu Affan ta ce, duwatsun da zare aka ɗinke su. An tsaya a 270, na ce zan dawo. Takalmi na saya 65, mai ɗan tudu kaɗan. Da na dawo gida na buɗe akwati na shimfiɗa leshin a kan gado, ɗaya ruwan toka da azurfa, ɗaya ruwan ƙwai. Mahaifiyata ce ta zaɓi ruwan tokar da kanta lokacin haɗa lefe, na daɗe ina kallonsa. Yanzu zuciyata ta rabu biyu. Ruwan ƙwan dai na gumra ne in an samu mai ɗinka shi riga da zani. Anti Ikhlas, ko ban sa tobin a wannan bikin ba ina son ki zo, ban da kowa a garin nan sai maƙwabciyata.

Zee_Madina:
Ki koma ki ɗauki koren kafin wata ta riga ki. Leshin Mama ba zai gudu ba.

Bint_Hausawi:
Ruwan toka da azurfa a ƙarƙashin fitilun ƙa'a? Anti wallahi shi ne.

Anti_Mai_Ɗinki:
In leshi biyu za a ɗinka cikin sati uku, gobe ya kamata almakashi ya hau na farko. Turo mini hoton ruwan tokar ta akwatin saƙo, ki shimfiɗa shi kusa da taga da rana, in ga faɗinsa da yadda bakin zanen ya tafi, sannan in faɗa miki ko zai ba da yankan fustan.

Ikhlas_Maiwurno:
Ranar Talata bayan magariba ina nan tafe in sha Allah, zan zo da ruwan hodar ki gwada a gaban madubi.